Ranar da na ce wa Alhaji albarka

Wata Alhamis ce a farkon Nuwamban 2024. Mun idar da Azahar a ɗan masallacin da ke harabar kamfaninmu a Sharaɗa, ina laluben takalmina ɗaya da wani ya shure, sai Alhaji, mai kamfanin, ya dafa kafaɗata ya ce in same shi a ofis. Gabana ya ɗan faɗi, don a wurinmu ba a cika kiran mutum sama a kan alheri ba.

Kamfanin rarraba kaya ne: taliya, madarar gari, sabulun wanki da man gyaɗa. Muna saro wa daga masana'antu mu kai wa 'yan kasuwa a Singa da Sabon Gari da Dawanau da ƙananan kasuwannin unguwanni. Shekarata shida ina cikin masu fita sayarwa. Alhaji ya ce shugaban sashenmu zai koma Abuja ƙarshen wata, kuma sun duba ba su ga wanda ya fi ni cancanta ba. Mutum tara za su dawo ƙarƙashina: masu sayarwa biyar, direbobi uku, da mai kula da sito. Ya buɗe durowa ya turo mini makullan siton a kan tebur, ya ce, "Za mu ɗan sa maka wani abu a kai. Allah ya taya ka riƙo."

Na durƙusa na yi godiya, na ce Allah ya ƙara arziki, Allah ya bar zumunci, na ɗauki makullai na fito ina jin kaina ya yi girma.

Da dare na ba uwargida labari ina jiran guɗa. Ta yi murna, ta yi addu'a, sannan ta ce, "To wani abun nan, nawa ne?" Na ce ban tambaya ba. Ta ajiye cokalin da ke hannunta ta ce, "Kai ne fa kake dawowa da dasasshiyar murya saboda ka yini kana ja-in-ja a Singa a kan naira hamsin a katan." Ban ce mata komai ba, amma tuwon bai ƙara yi mini daɗi ba.

Washegari na lallaɓa wurin akantanmu, wanda muke shiri da shi saboda ƙungiyar ƙwallonmu ɗaya. Ya rufe ƙofa ya gaya mini cewa an ce a ƙara mini naira 30,000. Albashina a lokacin 180,000 ne, zai koma 210,000 ke nan. Har na fara lissafin abin da zan yi da ƙarin, sai ya ce, "Ka san dai shugaban sashe ba ya karɓar kamasho ko?"

Ban sani ba. Ko in ce ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba. Na koma gida na buɗe saƙonnin banki na wata goma sha biyu, na ware kamashon kowane wata a littafin da yara suka gama da shi. Wani watan 40,000, watan azumi ya haura 100,000, idan aka raba daidai yana kamawa 65,000. Wato abin da nake samu a zahiri 245,000 ne, kuma ƙarin girman da na durƙusa na yi wa godiya zai mayar da ni 210,000. Ita kanta 30,000 ɗin ba duka za ta iso aljihuna ba. Kashi 8 cikin ɗari na tafiya asusun fansho kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tsara, haraji ya ɗebi nasa ya kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Akanta ya danna na'urarsa ya ce abin da zai rage bai kai 24,000 ba.

A wane zamani kuma? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 babu abin da ya zauna wuri ɗaya. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ni kuma kullum daga Kurna nake tasowa a babur. Hauhawar farashi a lokacin ta wuce kashi 30 cikin ɗari a lissafin gwamnati ma. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na 70,000, gwamnatin Kano ta ce ita 71,000 za ta biya ma'aikatanta, kamfaninmu ma ya ɗaga na masu gadi da 'yan lodi don ya cika sharaɗin. Mu da ke tsakiya ba a taɓa namu ba tun farkon 2023.

Ba na tsammanin Alhaji ya shirya cutata. Mutum ne da ya taso a kasuwa, kuma a kasuwa wanda bai ce a ƙara ba, an ɗauka ya gamsu ne.

Ranar Asabar na je Gwammaja wurin kawuna. Ya yi shekara ashirin da wani abu a wata masaƙa a Bompai, ya kai matsayin heluma kafin masaƙun su fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na zayyana masa komai. Tambayarsa ta farko ita ce ko na sa hannu a wata takarda. Na ce a'a, makullai kawai na karɓa. Ya ce, "To da sauranka. Tun ran gini ake zane, amma naka ginin bai bushe ba tukuna." Ya hana ni mayar da makullan, ya ce wannan raini ne, kuma babba ba ya manta raini. Ya kuma hana ni zancen kuɗin haya da na makarantar yara. "Ɗana, in ka je masa da kuka zai zaro dubu hamsin ya ba ka, ka yi godiya, magana ta mutu. Wata mai zuwa kana nan inda kake. Ka je masa da lissafi irin wanda shi ma yake yi."

Da na ce masa ina tunanin in ce wani kamfani na nemana, sai ya yi dariya har da tari. Ya ce Kano da girma, amma masu kuɗinta a ɗaurin aure ɗaya suke haɗuwa, a jana'iza ɗaya suke sahu. Kafin in sauko daga bene Alhaji ya buga waya ya gano ƙarya nake.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sanin farashin kujerar a wasu wurare. Bahaushe zai gaya maka ciwon da ke damunsa, zai gaya maka rigimar gidansu, amma albashinsa sai dai ya ce "alhamdu lillahi, ana rufa asiri". Na gwada mutum biyu kai tsaye, duka suka kauce. Sai na sauya salo. Akwai wani da muka yi Jami'ar Bayero tare, yana riƙe da irin wannan sashe a wani kamfani a Challawa. A wurin mai shayi na ce masa, "Da za ka bar kujerarka yau a ce ƙaninka zai hau, nawa za ka ce masa kada ya yarda da ƙasa da shi?" Nan take ya ce 300,000. Wani a Bompai da na yi wa irin tambayar ya ce tsakanin 280,000 da 350,000, ya danganta da ko akwai mota. Ba nasu suka faɗa ba, don haka babu wanda ya ji an tona shi.

Wani abokina lauya ya ƙara mini da abin da ban zata ba. Ya ce Dokar Ƙwadago, a inda ta fayyace wane ne ma'aikacin da take karewa, ta cire masu riƙe da aikin gudanarwa da shugabanci. Da zarar na zama mai sa hannu a hutun wasu da ba su takardar tuhuma, abin da zai tsaya mini idan aka samu saɓani shi ne abin da aka rubuta a takardata, ita za a duba ko da an je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke da reshe a nan Kano. Ya ce, "Duk abin da aka gaya maka a kan tabarmar masallaci, ka tabbata ya hau takarda mai hatimi."

Na zauna na rubuta shafi ɗaya tak. A sama na sa abin da nake samu yanzu, wata-wata, da abin da zan koma. A tsakiya na sa cinikin da na kawo wa kamfani a shekarar, da shagunan da na buɗe mana a Kurna da Rijiyar Lemo waɗanda a da ba ma kai musu kaya, da bashin wani ɗan Singa da kowa ya fid da rai na bi na karɓo. A ƙasa na jera abin da kujerar ta ƙunsa. Wannan ɓangaren na samo shi ne daga wanda zan gada, na saya masa tsire muka zauna ya amayar mini da komai. Shi ake kira ƙarfe shida na safe idan mota ta ƙi tashi. Shi yake zuwa ofishin Karota, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, idan an kama direba. Shi yake rufe lissafin sito kowace Asabar, kuma idan katan ya ɓata, daga albashinsa ake cirewa, an taɓa yanke masa 48,000 a wata guda. Sannan ga abin da ba ya shiga kowane lissafi: matar wane ta haihu, mahaifiyar wane na kwance a asibitin Murtala, wane babu na adaidaita sahu. Babba juji ne, kuma a garin nan duk wanda aka kira oga, an buɗe masa wata ƙofar kashe kuɗi da ba ta rufuwa.

Ban tsallake manaja ba. Ɗan Alhaji ne, sa'ana ne kusan, amma da na wuce shi na hau sama da na sayi gaba da kuɗina. Na ce masa, "Yallaɓai, ina so a ba ni lokaci mu zauna a kan tsarin sabon aikin, don in fara shi da ƙafar dama." Ya karanta shafin sau biyu. Abin da ya ce kawai shi ne bai san kamashona ya kai haka ba, kuma maganar kuɗi ta Baba ce. Amma ya sa mini rana, ya kuma ce zai zauna a wurin.

Ranar Laraba bayan La'asar muka zauna. Na zaɓi lokacin ne da gangan, don na san safiyar Alhaji ta masu bin bashi ce da masu kawo ƙara. Na gaishe shi, na sake godiya a kan amanar da ya ba ni, na ce na karɓa hannu biyu. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, akwai lissafin da na yi da nake so ka duba mini, kada in shiga aikin da abu a raina." Na miƙa masa takardar.

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya kai ƙasa ya ce, "To me kake so?"

Na ce 320,000, da wani kaso idan sashen ya cika abin da aka ɗora masa a wata, da man babur, kuma a daina cire ɓatan kaya daga albashin shugaban sashe sai an bincika an ga laifinsa ne. Muryata ta ɗan yi rawa a kan adadin. Na yi ta maimaita shi a kan babur tun daga Kurna, amma faɗarsa a gaban mutumin da ya biya sadakin wasu daga cikinmu daban ne.

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Yaro, mutane nawa ne a waje suke neman rabin abin da kake samu? Ni na ɗauko ka ba ka san komai ba. Girma na ba ka, wasu sun fi ka daɗewa a nan." Ya shiga zancen kuɗin dizal, da wutar da aka mayar da su layin masu tsada tun Afrilu, da yadda dala ta cinye jarin kowa. Duk gaskiya ne, na san gaskiya ne, don ni nake kai sabon farashi kasuwa kusan kowane mako ina shan zagi. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ban yi musu da ko ɗaya ba. Na ce abin da ya sa na kawo takardar shi ne, a yadda aka tsara, zan ɗauki nauyin mutum tara in koma gida da ƙasa da abin da nake kaiwa yau.

Ya yi shiru, ya ce, "To a mayar da shi 240."

A nan ne bakina ya riga ni. Kalmar da nake faɗa sau hamsin a yini a Singa ita ta fito: "Albarka, ranka ya daɗe."

Manaja ya sunkuyar da kai. Ni kaina sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya kalle ni na ɗan lokaci, sai ya fashe da dariya, ya ce wa ɗansa, "Ka ji ɗan kasuwa. Ni yake ce wa albarka." Daga nan zaman ya sauya. Ya daina yi mini maganar uba da ɗa, ya koma yi mini irin maganar da yake yi wa wakilan masana'antu, kuma wannan yaren na iya shi. Ya ce kason ciniki ba zai yiwu a kan kowane katan ba, na ce a ɗaure shi a kan cika adadin wata. Ya ce man babur kowa zai zo ya ce a ba shi, na ce ba kowa ne zai riƙa zagaya kasuwa huɗu a yini yana duba yara ba. Maganar ɓatan kaya ce ya fi tsayawa a kai, ya ce idan ba a cire wa shugaba, wa zai sa ido? Na ce a ƙirga siton gabana da gaban akanta kafin in karɓa, mu sa hannu mu uku, daga ranar abin da ya ɓata da sakacina na yarda a cire.

Bai yanke ba a ranar. Ya ce in je zai yi shawara.

Kwana tara aka yi ba a ce mini komai ba, kuma su ne suka fi zaman kansa wuya. Alhaji ya wuce ni sau biyu a harabar ya amsa gaisuwata a taƙaice. Wani daga cikin tsofaffin ma'aikata ya ce mini a masallaci, "An ce ka je ka yi ciniki da Alhaji," da irin muryar da ake cewa an ga mutum a inda bai dace ba. Har yau ban san ta inda maganar ta fita ba. Akwai daren da na ce wa uwargida gobe zan je in ce na janye, a bar shi yadda aka ce. Ta ce in bari sai Litinin. Na ci gaba da zuwa aiki kamar kullum, ina kuma bin wanda zan gada ina koyon aikin, don kada a ce na ɗaure aiki sai an biya ni.

Ranar Juma'a manaja ya kira ni. Albashi 265,000. Idan sashe ya cika adadin wata, ƙarin 25,000. Lita 40 ta fetur a gidan man da motocinmu ke sha, da katin waya na 10,000. An yarda da ƙirgar sito. Ban samu 320,000 ba, ban ma kai 280,000 da mutumin Bompai ya ce shi ne ƙasa ba, kuma na san da na ƙara ja wataƙila a ƙara goma, wataƙila kuma igiyar ta tsinke. Na duba na ga ko a watan da ba mu cika adadi ba na wuce inda nake, ga mai da ya sauka daga wuyana. Na ce na sallama, amma ina roƙon abu biyu: a rubuta duka a takarda, kuma a sa ranar da za a sake duba albashin bayan wata shida idan an ga kamun ludayina. Manaja ya ce wannan ba matsala.

Takardar ta fito a makon farko na Disamba. A nan na yi kuskure biyu da ban gani ba sai daga baya. Na fara aikin tun tsakiyar Nuwamba, na daina fita sayarwa, amma takardar ta ce sabon albashi daga 1 ga Disamba. Mako biyun nan babu kamasho, babu ƙari, sun tafi a banza, kuma na ji kunyar komawa a kansu. Na biyun ya fi ban dariya. Ni da kaina na zaɓi Litinin 2 ga Yunin 2025 a matsayin ranar sake zama, ban duba kalandar Musulunci ba. Ranar ta zo Alhaji yana Makka, Babbar Sallah saura kwana huɗu, manaja kuma ya ce shi ba ya taɓa maganar kuɗi Baba ba ya nan.

Aikin kansa ya zo yadda aka faɗa mini, har da ƙari. Takardar tuhuma ta farko da na rubuta, wa wani direba na rubuta ta da nake kira Baba, wanda shi ya fara nuna mini lungunan Sabon Gari ina sabon zuwa. Na kai masa ita da kaina bayan an tashi, ba a gaban yara ba, mun fi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Biyu daga cikin masu sayarwa, waɗanda da muke cin abinci a kwano ɗaya, suka koma yin shiru idan na shigo. A watan azumi ɗayansu ya karɓi kamashon da ya sa abin da ya kai gida ya fi nawa, ni na sa hannu a takardar biyansa. Cikin wata shidan farko sau huɗu muka cika adadi.

Alhaji ya dawo, aka yi ta zuwa yi masa barka da sauka, na bari sai da 'yan taya murna suka ragu, dabino da zamzam suka ƙare. A mako na biyu na Yuli na hau sama da kwafin takardar da wani sabon shafi ɗaya: cinikin sashe wata-wata, da ƙirgar sito da ba a samu giɓin ko katan ɗaya ba tun Janairu. Yana ganina da takarda a hannu ya ce, "Ɗan kasuwa, yau kuma me aka kawo?" Ya karanta, ya ce a ƙara 20,000, daga watan Yuli. Na ce ranar da ke takarda Yuni ce, ranka ya daɗe. Ya ɗaga waya ya kira akanta ya ce a haɗa da na Yuni.